Murhun Ƙarfe a Ɗakin Jego

Ranar da aka hura murhun ƙarfe a gidan Ɗantsoho, yamma ta yi kamar kowace yamma a Argungu. Masunta sun dawo daga gulbi, an shanya taruna a kan danga, ƙaurin kifin da ake banda ya cika unguwa. A tsakar gida Hure, matar Ɗantsoho, ta sauke tukunyar ruwan wanka ta tsoma ganyen runhu a ciki, domin 'yarta Kulsumi kwananta tara da haihuwa, mai jego kuwa ba ta tsallake wankan yamma. Abu ɗaya ne kawai ya sake a gidan. A bayan ɗakin jegon, can sama kusa da rufi, wani bututun kwano ya leƙo daga bango yana fitar da hayaƙi a hankali.

Ɗantsoho shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin kuku a gidan wani Bature a Birnin Kebbi. A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, Baturen ya haɗa kayansa, abin da ya fi ƙarfin akwati ya rabar. Wani ya sami keke, wani kujera. Ɗantsoho ya ce shi murhu yake so. Baƙin ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, da 'yar ƙofa a gaba inda ake zuba itace, da baki a sama inda hayaƙi ke bi. Ƙarti shida suka sauke shi daga mota, unguwa ta taru ana kallo. Ɗantsoho kuwa dama akwai jin kai. Tun da ya koyi dafa abincin Turawa yake ganin mutanen unguwarsu a duhu suke, kowa ya buɗe baki sai ya ce masa, "Ba ku sani ba."

Amma kada a zalunce shi, ba burga kaɗai ba ce. 'Ya'ya biyar Hure ta haifa masa a wannan ɗakin, a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa don gasa mai jego. Huɗu suka koma kafin yaye, dukansu da tari. Matar Baturen ta taɓa ce masa hayaƙi ne, maganar ta zauna masa a rai shekara da shekaru. Kulsumi kaɗai ta rage. Ga ta ta dawo gida haihuwar fari a tsakiyar sanyi, mijinta yana can Yawuri wajen kamun kifi, an raɗa wa jaririn suna Illo. Ɗantsoho ya rantse jikansa ba zai shaƙi hayaƙin da ya cinye masa 'ya'ya ba.

Da hantsin ranar da aka hura murhun Babatunde ya iso, wani Bayarabe mai aikin kwano a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ɗauke da gaɓoɓin bututu da ya naɗe da hannunsa. Ya jera faffaɗan duwatsu a ƙasa, aka ɗora ƙafafun murhun a kai, ya auna kamu biyu daga bango don kada zafi ya tsaga shi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi azarar da ke riƙe da rufin.

"Maigida, bisa za mu huda," in ji shi. "Hayaƙi miƙe shika so. In ka lanƙwasa mashi hanya, gardama shika yi."

"In huda soron kakana? Damina ta zaka ruwa shi ishe mu kwance?" Ɗantsoho ya nuna bangon da ke fuskantar gulbi. "Dibi can. Ga hanya an bar muna."

Wata 'yar taga ce zagayayya, faɗin bakin akushi, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Babatunde ya hau tsani ya shafa gefenta. Sumul take kamar tsohon turmi, kuma duk yanar gizon da ta cika kusurwoyin ɗakin babu ko zare ɗaya a cikinta. Ya sauko.

Hure tana bakin ƙofa. "Malam, kada a taɓa tagag ga," ta ce. "Innarka ta hwaɗa min tun ina amarya. Ƙohwar maƙwabciya ta. Ba a toshe ta ko da tsumma."

"Wace maƙwabciya? Kin taɓa ganinta? Turawa sun tahi an ba mu ƙasa mu riƙe, ke kina nan kina tsaron ramin ɓera."

"Ko a garinmu," Babatunde ya ce a hankali, "in tsohuwa ta ce a bar rami, ana barinai."

"Aiki ya kawo ka ko wa'azi?"

Babatunde ya haɗa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya sa gwiwar da za ta juya hayaƙin zuwa bango. Gaɓar ƙarshe kuwa sai ya miƙa wa maigidan. Ɗantsoho ya yi tsaki, ya hau tsanin da kansa, ya cusa bututun cikin tagar, ya liƙe kewayensa da laka har ko iska ba za ta bi ba. Babatunde bai tsaya shan furar da aka dama masa ba. Da la'asar aka hura wuta. Gaskiya murhun ya ja da kyau. Ɗakin ya ɗumama, babu hayaƙi ko kaɗan, Illo ya yi barci har da miƙa. Ɗantsoho ya zauna yana kaɗa ƙafa, yana jiran matarsa ta ba shi haƙuri.

Rana ta faɗi. Kulsumi ta ɗauki ruwan zafinta ta shiga kewayen zana a bayan ɗakin, daidai ƙarƙashin bututun. Kaji sun hau kara. Ladan ya gyara murya a masallacin unguwa, kuma bai kai ga ƙarasa kabbarar farko ba aka ji wani sauti daga sama, irin na ɗanyen nama a kan garwashi. Sai kururuwa ta biyo baya. Ba muryar Kulsumi ba ce, ba ta kowace mace a unguwar ba ce. Ta yi tsawo fiye da yadda numfashin mutum zai kai, sannan ta yanke. Awaki suka yi tsit. Ƙaurin ƙonannen gashi ya sauko tsakar gida.

Dutse ya daki bututun. Sai wani. Sai wani.

Hure ta ture zanar ta shiga. Ta tarar da 'yarta a tsaye, ganyen runhun ya faɗi a ƙasa, idanunta kafe a kan bututun, hannunta na dama a naɗe a ƙirji kamar wadda ta ƙone. Ta ɗaura mata zane, ta ja ta, Kulsumi ta biyo ba musu. Amma da suka kai bakin ƙofar ɗakin sai ta tsaya cak. Hure ta ja, Ɗantsoho ya tura, ƙafarta ta ƙi tsallake dokin ƙofa. Da suka sake ta sai ta koma bayan ɗakin, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta ɗaga kai.

A ciki Illo ya farka ya tsala kuka. Hure ta ɗauko shi da sauri ta kai wa uwarsa. Kulsumi ta dube shi kamar an miƙo mata ɗan akuya, ta kau da kai.

"Ba nau na ba," ta ce, da muryar da ba tata ba.

Hure ta mayar da shi ɗaki tana jijjiga shi. A nan ne ta ji abin da ya fi duwatsun tsorata ta. Duk lokacin da Illo ya dakata don jan numfashi, wani kukan yana amsawa daga sama, daga tsakanin azara. Siriri ne, kamar na ɗan kyanwa. Amma kukan jariri ne.

Kwana uku gidan ya yi a haka. Da asuba da magariba duwatsu ke zuwa, kuma ba daga ƙetaren danga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa, jiƙaƙƙu, da gansakukar gulbi a jikinsu. Ɗaya ya fasa randa, ɗaya ya karya ƙafar tunkiya. Kulsumi ba ta ci, ba ta sha, ba ta barin gindin bangon. An lulluɓe ta da bargo ta yar. Mai jego da ya kamata tana kan gado mai ɗumi tana shan kunun kanwa, ga ta a kan ƙasa mai sanyi, nono ya cika mata ƙirji har yana zuba, ɗanta yana bayan bango yana mutuwa da yunwa.

Maƙwabciyarsu Sadatu, wadda ke goyo, ta shigo ranar farko don ta shayar da shi. Ba ta gama kwance zane ba dutse ya tsaga mata goshi. Mijinta ya zo har zaure ya ce duk wanda ya sake kiran matarsa gidan nan za su haɗu gaban alƙali. Daga nan unguwa ta ɗauke ƙafa. Waɗanda suka taru kallon murhu ranar da aka sauke shi su ne yanzu suke canza hanya, suna cewa dama sun faɗa. Hure ta koma ɗiga wa jaririn nonon akuya da auduga, yana sha yana amayarwa. A rana ta biyu maɗigarsa ta fara lotsawa.

Ɗantsoho kuwa taurin kansa sai ya ƙaru. Da farko ya ce mahassada ne ke jifa. Sannan ya ce zazzaɓin jego ne ya hau wa Kulsumi kai, a kai ta asibiti Birnin Kebbi. Ya roƙi ƙarti huɗu, suka kasa ɗaga yarinyar da shi kaɗai zai iya saɓawa a kafaɗa. Da ya rasa ta cewa sai ya juya. Ya ce to, in ma aljani ne, ai kowa ya san aljani na tsoron ƙarfe da wuta. Sai ya dinga danna wa murhun itace dare da rana har gwiwar bututun ta fara ja. Lakar da ya liƙa ta gasu ta yi tauri kamar tukunya. Tsoro ne ke cinsa, amma ya fi son ya mutu da ya furta.

"Malam, don girman Allah ka hidda ƙarhen ga," Hure ta ce masa.

"In hidda shi sanyi shi kashe yaron? Ko in mai da ku ga hayaƙinki da yac cinye min huɗu?"

Hure ta dube shi. Shekara talatin ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Hayaƙina ka ce ya ci huɗu. To, ka zauna ka gani, ƙarhenka zai ci na biyar da na shida rana guda."

"Ki taɓa shi, a bakin aurenki."

Ba ta taɓa ba. Ta leƙa ta danga ta tsayar da wasu masu albasa da za su koma Augie, ta ba su saƙo ga Malam Abdussamadu, malamin can da ya yi suna wajen fitar da aljanu.

Ya iso a rana ta uku bayan la'asar, a kan jaki. Ɗan ƙaramin tsoho ne, busasshe, da gafaka a rataye da buzu a hammata. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ɗauki ɗaya daga duwatsun ya shinshina. Ya shiga ɗakin, zafi ya buge shi, ya dubi murhun, ya bi bututun da ido har inda ya shige bango. Illo yana kwance a kan gado, bakinsa a buɗe, kukan da yake yi bai fi nishi ba. Malamin ya ɗaga hannu aka yi shiru. Daga cikin azara wani nishin ya amsa, shi ma da ƙyar.

"Wa ya gina ɗakin ga?"

"Kakana," in ji Ɗantsoho.

"Wa ya sa ƙarhe a tagar?"

Ɗantsoho ya dubi ƙasa. "Ni."

Malam ya zagaya bayan ɗakin ya shimfiɗa buzunsa a gaban Kulsumi. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya yi tofi a ciki. Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar danga ta miƙe ta rufe su. An daɗe babu abin da ya motsa. Sai ya yayyafa mata ruwan a fuska. Kulsumi ta gantsare, haƙoranta suka yi ƙara, idanun da suka kwana uku a kan bututu suka sauko kansa.

"Ke wace ta," Malam ya ce, "kuma mi kika biɗa ga ɗiyar mutane?"

Muryar da ta amsa ta tsohuwa ce, a dishe, kamar daga cikin rijiya.

"Tambayi mai ƙarhe."

"Ke nit tambaya."

"Giginyata kakanai yas sare, yay yi azara da ita. Na biyo itacena. Anka yi alkawali gaban malami irinka: ni bisa, su ƙasa. Anka bizne laya bakin ƙohwa don kada in bi ta can, anka bar min taga guda. Shekara tamanin ban taɓa ko kazarsu ba. Na hita gulbi da asuba na bar ɗana kwance. Na komo na sa hannu ga ƙohwata, na ishe wuta."

Ta ware hannun Kulsumi na dama ta nuna. Babu tabo a fatar, amma yatsun sun ƙanƙance kamar ƙafar gasasshiyar kaza. Hure ta toshe bakinta da gefen zane.

Ɗantsoho ya matso a fusace. "Ba ki taɓa kowa ba? Ɗiyana huɗu hwa? Ba ke kinka cinye su ba?"

Kan Kulsumi ya juyo wajensa a hankali.

"Hayaƙinku yac cinye su. Ni ma shi nika sha can bisa. Na ji tarinsu guda-guda, ban da ikon sauka. Da ka huda bisa yadda Bayarabe yac ce, da na gode maka."

Ɗantsoho ya ja da baya. Shekara da shekaru yana son wani ya ce masa yana da gaskiya a kan hayaƙin nan, sai ga shi ya ji ta daga bakin da bai so ba, a ranar da ba ta da amfani.

"An yi miki laihi," in ji Malam. "Amma yarinyar ga ba ta yi miki komi ba. Saki ta."

"An raba ni da nau, na raba ta da nata. Ka ji su? Tare suka kuka, tare za su yin shiru. In nau ya tahi, ku ba ni wancan."

"Wanga ba ki samunai."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Kulsumi ya dinga bugun bango, jini ya fito mata ta hanci, duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara, ɗaya ya sami malamin a kafaɗa bai dakata ba. Muryar ta yi ihu, sannan ihun ya koma dariya.

"Ƙone ni, Malam! Ka iya. Amma cikin jikin wa za ka ƙone ni?"

Malam ya dakata da karatu. Ya dubi yamma. Rana ta kusa taɓa kan bishiyoyin bakin gulbi.

"To mi ar raba gardama?"

"A buɗe min ƙohwata kahin rana ta hwaɗi. Ɗana ba shi kai gobe."

"A tone layar ta bi ta ƙohwa mana," in ji Ɗantsoho.

"In an tone ta, gidan dut nata na, har jikokin jikokinka," Malam ya ce. "Ba a tone ta."

"To a kashe wutar!" Ɗantsoho ya ruga ya sunkuci tulu. Hure ta riƙe masa hannu da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Ka haukace? Ruwa kan wuta da magariba, ɗan mutane na kwance bisa? Tururin shi za shi ƙarasa shi!"

Tulun ya faɗi ya fashe. Ɗantsoho ya tsaya yana huci. Itacen da ya danna da hannunsa bayan azahar kirya ce, ba za ta mutu ba sai gobe.

"A kawo tsumma, a kawo buhu, in kama ƙarhen in hidda shi," ya ce.

"A'a," in ji muryar. Yanzu babu ihu a cikinta, kuma hakan ya fi muni. "Wanda yas sa shi, shi za shi hidda shi. Hannu tsirara, awa yadda nis same shi. Hannu biyu."

"Guda kinka rasa," Malam ya ce. "Guda za ki samu. Na hagu. Kuma in kin ɗauki ɗanki ki bar gidan ga, ke da zuri'arki, har abada. Ki rantse."

"Na dama."

"Na hagu. Da na dama shika cin abinci, da shi shika salla da gaisuwa. Ba ki samun hiye da haka."

Daga cikin ɗakin ba a jin komai, ko nishin.

"Na hagu," in ji ta. Ta rantse da hatimin Annabi Sulaimanu, sau uku, Malam yana maimaita mata.

Ɗantsoho bai dubi kowa ba. Ya shiga ɗakin, ya kife turmi a gindin bango, ya hau. Zafin bututun ya riga ya ƙona masa gashin gira tun bai taɓa ba. Wannan mutum shekara ashirin da biyu yana aiki da wuta, ya san abin da jan ƙarfe ke yi wa fata, babu wanda zai ba shi labari. Ya dubi gadon. Idanun Illo a rufe suke, ƙirjinsa na ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ya yi bisimilla ya kama gwiwar bututun da hannun hagu.

Sautin da aka ji a magaribar farko shi aka sake ji. Bai yi kuka ba, wani gurnani ya yi. Ya ja. Bututun bai motsa ba, gasasshiyar lakar ta riƙe shi gam. Ya sake ja, fatar tafinsa ta manne, bututun yana nan. A waje ladan ya gyara murya.

Malam ya yi ciniki da kyau, ya ceto masa hannun dama. Ba wanda ya nemi wannan hannun, aljanar ma ta haƙura da shi. Ɗantsoho ya ɗora shi a kan ƙarfen da kansa. Ya tokare ƙafa da bango, ya ja da dukan jikinsa. Lakar ta tsage, bututun ya fito, shi da turmin da gaɓoɓin kwano suka zube ƙasa. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Hure ta faɗa ciki ta wawuro jaririn ta fito.

Sai iska ta shigo ta tagar, mai sanyi, mai warin laka da ruwa. Ta tsaga hayaƙin ta haura sama. Azara ta yi ƙara kamar an taka ta. Aka ji kukan siririn nan sau ɗaya, da ɗan ƙarfi, sai ya toshe kamar an sa masa abu a baki. Iskar ta fita ta inda ta shigo, ta kaɗa zanar kewaye, ta nufi gulbi.

Kulsumi ta kife a ƙasa. Ta yi atishawa sau uku. Ta ɗago tana rawar sanyi, tana duban mutane kamar wadda aka tasa daga barci, yatsunta suka miƙe.

"Inna," ta ce da muryarta, "ina Illo? Ƙirjina ka ciwo."

Malam ne ya jawo Ɗantsoho daga cikin hayaƙin ya zaunar da shi a tsakar gida. Hannayensa na sama a buɗe, ba kyan gani. Malamin yana shafa masa zuma yana addu'a, shi kuwa ko kallon hannayen bai yi ba. Kunnensa na bayan ɗaki.

"Hure," ya kira. "Shina sha?"

Ba a amsa ba. Ya sake kira, muryarsa ta karye. Tsoron da ya haɗiye kwana uku ya fito masa fili, babban mutum yana kuka a gaban baƙo. Sannan a cikin shirun magaribar aka ji wani ɗan sauti, ƙarami ƙwarai, na jariri yana haɗiya.

"Shina sha, Malam," in ji Hure. "Shina sha."

Bayan mako biyu Babatunde ya dawo. Ya huda rufin tsakanin azara biyu, ya miƙar da bututun sama, ya yi masa hula da kwano. Damina ta zo ta wuce ko ɗigo bai sauko ba. Illo ya kai yaye bai san tari ba. Hure ce ke hura murhun, domin yatsun Ɗantsoho sun warke a lanƙwashe, bai ƙara riƙe wuƙa ko ludayi ba, ko cazbi sai dai a rataya masa a wuyan hannu.

Malam Abdussamadu ya ce maƙwabciyar ta tafi ba dawowa, ana iya toshe tagar. Yanar gizo ma ta fara kama ta. Amma Ɗantsoho bai yarda ba. Duk sanyin da ke shigowa ta nan, haka aka bar ta a buɗe, kuma duk Juma'a sai ya sa an share yanar. In baƙo ya tambaye shi amfanin wannan ramin a ɗaki mai murhun Turawa, sai ya ɗaga kai ya dube shi, ya mayar da hannayensa cikin riga.

"Ban sani ba," yakan ce. "Ku dai bar ta."